Madarar Goggo Habi Ta Fara Zuwa da Ruwa

Wata 'yar'uwa ce daga Sakkwato ta turo wannan, ta roƙi a sakaya sunanta. Ga shi yadda ya zo.

Assalamu alaikum warahmatullah. Admin sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri. 'Yan'uwa maza da mata, na daɗe ina karanta damuwar mutane a nan, wani lokaci har in sa baki, ban taɓa kawo wa raina wata rana ni zan zo da tawa ba. Don Allah ku ba ni shawara, kuma ku yi haƙuri da tsawon rubutun, in ban faro daga farko ba ba za ku gane abin da yake cin raina ba.

Ni matar aure ce da yara huɗu, muna zaune a Minanata. Sana'ata fura da nono da yogot na roba, irin wanda ake sawa a firijin shaguna. Ina da ɗan wurin aiki a gefen gida, da mata masu taya ni, yawancinsu zawarawa ne da waɗanda mazansu sunka rasu sunka bar musu yara. Shaguna da dama a cikin gari suna ɗaukar kayana, akwai kuma wata makarantar kuɗi da take raba wa ɗalibai lokacin tara. Abin da ya sa ake neman nawa, madarar shanu ce zalla, ba na haɗawa da ta gari, haka ma anka rubuta a jikin robar, kuma da wannan kalmar mutane sunka san ni.

Duk wannan madarar daga hannun mace ɗaya take fitowa, wata dattijuwar Bafulatana, zan kira ta Goggo Habi duk da ba sunanta ke nan ba. Tun ina yarinya a gidanmu na Ƙofar Atiku nake ganinta, takan sauke ƙwaryarta a zaurenmu ta huta, mahaifiyata ta ba ta ruwa su zauna hira kamar 'yan ɗaki ɗaya. Da na gama karatu na yi aure aiki bai samu ba, zaman banza ya ishe ni, ita ce ta ce mini me zai hana in riƙa dama fura ina sawa a firiji, ita za ta riƙa kawo mini nono. Ita ta koya mini yadda ake kwantar da kindirmo ya kama jikinsa, da yadda ake gane madarar da ta kwana, da wadda anka taɓa da ruwa. Da abin ya fara girma ƙwarya ɗaya ta daina isa, ita ta bi matan rugarsu bukka bukka, can gabas bayan Achida, ta haɗa kansu, kowace ta tatsa ta kawo wurinta, ta duba da kanta, sannan ɗanta Bello ya ɗauro jarkoki a babur ya iso mini kafin rana ta yi zafi. Shekara goma da wani abu muna haka, ko damina ko rani, ban taɓa buɗe wurin aiki na zauna jiran madara ba. Akwai lokacin da wasu masu yogot sunka bi Bello har ruga da farashin da ya fi nawa, Goggo ta ba su fura sunka sha, ta ce musu madarar tana da mai ita.

Kuma ba ciniki kaɗai ya haɗa mu ba. Haihuwata ta uku yaron bai zo da rai ba, na sha wuya ƙwarai, lokacin mahaifiyata tana fama da ƙafa ba ta iya hidima. Goggo ta baro rugarta ta zo ta tare a gidana, ita ta yi mini wankan jego, ita take dama mini kunun kanwa, in na fara kuka ba ta cewa in yi shiru, sai dai ta zauna kusa da ni tana ja mini yatsun ƙafa har in gaji in yi barci. Ba ta kirana da sunana, sai dai ta ce ɓingel am, wato ɗiyata. Yarana kaka suke ce mata.

Maigidana makanikin manyan motoci ne a wajen Kalambaina, mutum ne mai hangen nesa, tun da daɗewa yake ce mini bai kamata sana'a mai ma'aikata ta rataya a kan babur ɗaya da hanya ɗaya ba. Yakan ce ko shi da yake gyaran mota ba ya sayen kayan gyara a shago ɗaya, don ranar da mai shagon ya rufe shi ma ya rufe. Na ga gaskiyarsa, wata shekara da rani na fara karɓar kaɗan daga wata ruga ta wajen Kware. Ba a yi sati biyu ba labari ya kai wa Goggo. Ba ta yi faɗa ba, ta dai biyo Bello a bayan babur da tsufanta, ta zauna a tabarma ta tambaye ni ko akwai ranar da sunka gaza mini, ko an taɓa kawo mini abin da ban ji daɗinsa ba. Na ce babu. Ta ce to in ƙari nake so in faɗa mata, za su rage wa maruƙa su cika mini. Kunya ta kama ni, na sallami mutanen Kware. Maigidana ya dai girgiza kai.

Daminar bara ne abin ya faru. Wata safiya munka hura wuta, munka wanke tukwane, mata sunka zauna jiran Bello, shiru. Na kira wayarsa a kashe. Na ce ko ruwa ne ya tare hanya. Sai wajen hantsi wani ɗan'uwansu da yake sayar da dabbobi a kara ya kira ni, ya ce ɓarayin daji sun shiga rugar, sun kore shanun gaba ɗaya, Bello da wasu maza sun bi sawu, an harbe su a bakin wani rafi. Bello ya bar mata ɗaya, Hurera, da yara ƙanana uku. Wallahi har yau in na ji ƙarar babur a ƙofar gida da sassafe sai gabana ya faɗi.

Bayan kwana bakwai rugar ta watse. Wasu sunka tsallaka Nijar, wasu sunka nufi Kabi wurin dangi. Goggo ta ce ita ba ta da ƙarfin doguwar tafiya, kuma ba ta son ta yi nisa da ni. Maigidana, Allah ya saka masa, shi ya yi ta faɗi-tashi har ya samo musu aron wani fili a bayan Kalambaina, kusa da inda ake fasa dutse, sunka kafa bukkoki biyu, ita da Hurera da yaran. Abin da ya rage musu 'yan shanun da suke hannun ƙanen Goggo a wani wuri lokacin da anka kai harin, su anka koro musu. Wurin ba wurin kiwo ba ne, ƙasa ce mai duwatsu, ɗan ciyawar da ke akwai farar ƙurar dutse ta rufe ta, shanun sai ramewa suke yi. Ina aika musu dusa da harawa gwargwadon hali, amma madarar da ɗan kabu-kabu yake kawo mini ba ta kai ko kashi ɗaya cikin biyar na da ba.

Daga nan sana'ata ta shiga tangal-tangal. Na koma sayen madara a hannun duk wanda na samu, yau ta wannan gobe ta wancan, yau ta yi daɗi gobe ta yi tsami kafin azahar. Akwai ranar da wani babban shago ya dawo mini da kaya gaba ɗaya, robobin sun kumbura a firijinsa. Na gwada madarar gari sau ɗaya, a ranar kwastomomi biyu sunka kira ni suna tambaya ko na canza hannu, ni kaina da na kalli abin da anka rubuta a jikin robar sai na ji kamar na yi sata, ban sake ba. Dole na raba matan da suke mini aiki gida biyu, waɗannan su zo yau, waɗancan gobe, abin da suke samu ya ragu. Akwai Maman Usaina a cikinsu, marayu biyar take riƙo, ranar da ba tata ba ma sai ta zo ta zauna a bakin ƙofa wai ko za a samu wanke-wanke. Ba ta taɓa yi mini ƙorafi ba, da ma ta yi da ya fi mini sauƙi.

Ana cikin haka, wajen wata biyu da sunka wuce, sai madarar Goggo ta fara ƙaruwa. Jarka ɗaya ta koma biyu, biyu ta koma uku. Na yi murna, na ce dusar da nake aikawa ce ta fara aiki, har na kira wasu daga cikin matan sunka dawo kullum. Amma sai na lura kindirmon ba ya kama jikinsa kamar da, in ya kwana sai ruwa ya taso sama, ƙasan tukunya kuma wani abu yana kwantawa fari kamar ƙullu. Na ɗora laifin a kan zafi da rashin wuta, na canza tukwane, na yi wa mata faɗa a kan wanki. Zuciyata ba ta ko kusanci zargin Goggo ba. Sai ranar da shugabar makarantar nan ta kira ni ofis, ta ce wasu yara sun yi ciwon ciki da gudawa, iyaye suna magana. Ba ta ce kayana ne kai tsaye ba, ni ma ba zan rantse cewa su ne ko ba su ba ne, lokacin zafi ne yara suna ciye-ciye. Amma ta ce sun dakatar da karɓa sai an ga yadda hali ya yi. Na fito daga ofishin ina tunanin da ɗan wani ya mutu fa.

Washegari da madarar ta iso na ɗiga ta a farcena kamar yadda Goggo ta koya mini. Madarar kirki takan tsaya cur, wannan sai ta gangare. Na dafa kaɗan a cokali, ta yi kauri irin na kunu. Ruwa ne da garin rogo. Na ce to ɗan kabu-kabun ne yake yi a hanya, don haka ban gaya wa kowa ba, kwana biyu bayan nan na yi sallar asuba na bi maigidana a mota, na ce ina son in gaida Goggo, ya sauke ni a bakin hanya na ƙarasa da ƙafa.

Ban yi sallama daga nesa ba, na zagaya ta bayan bukka inda suke tatsa. Na tarar da Hurera a durƙushe, jarkokina a gabanta, ga bokitin ruwa mai launin ƙasa da ta ɗebo daga ramin da masu fasa dutse sunka bari, ga ƙullun rogo a kwano, tana zubawa tana girgizawa. Da ta ɗago ta gan ni sai kwanon ya suɓuce mata.

Na ce, "Hurera, me nake gani haka?"

Ta rarrafo ta riƙe ƙafata, muryarta ƙasa ƙasa. "Adda, ki rufa mini asiri don Allah. Goggo ba ta sani ba. Wallahi ba ta sani ba."

Na ce, "Kin san yara ne suke shan wannan? 'Ya'yan mutane, irin naki?"

Sai ta fashe da kuka tana toshe baki da gefen zane don kar a ji. Ta ce tun rasuwar Bello idon Goggo yake mutuwa, yanzu sai dai ta ga inuwar mutum, amma kowace safiya sai ta sa an kawo mata jarkokin ta ɗaga da hannunta ta ji nauyinsu. Ranar da ta ji ba nauyi ba ta cin abinci, sai ta wuni tana cewa sun kunyata ɗiyarta a gaban mutane, sun ɗauki amanar da sunka kasa. Hurera ta ce da farko kofi ɗaya ta ƙara don tsohuwar ta ci tuwo. Ba ta ɓoye mini ba, ta ce da ta ga kuɗin da nake aikowa sun ƙaru, yaran sun daina kwana da yunwa, sai ta kasa dainawa. Ruwan famfo kuma saye ake yi a wurin, shi ya sa ta koma na rami.

Ina tsaye sai na ji muryar Goggo daga cikin bukka. "Wa nake ji kamar ɓingel am?"

Na share fuskata na shiga. Tana zaune a kan tabarma, ta rame ta koma kamar yarinya, ta miƙo hannu tana laluben fuskata. Ta tambayi maigidana da yara ɗaya bayan ɗaya da sunansu, ta tambayi ƙafar mahaifiyata. Sannan ta yi murmushi, irin wanda rabona da ganinsa tun Bello yana da rai, ta ce, "Kin ga ikon Allah ko? Shanu sun dawo da nono. Ni dama abin da yake hana ni sukuni ke nan, kar a ce kin ji kunya saboda mu. Sun ɗauke shanu, sun ɗauke Bello, amma ba su raba ni da ke ba."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Goggo." Ta sa Hurera ta ɗauko ɗan man shanu a gwangwani wai in kai wa yara, na karɓa. A hanyar dawowa cikin keke napep na yi kukan da har direban ya tsaya ya tambaye ni ko rasuwa anka yi mini.

Kafin in baro wurin na ja Hurera gefe na ce ko ɗigo ɗaya kar ta sake zubawa, abin da shanu sunka bayar shi nake so ko kofi ne. Ta yi alkawari, amma ta roƙe ni abu ɗaya, in bari a ci gaba da cika sauran jarkokin da ruwa zalla don Goggo ta ɗaga ta ji nauyi, in ɗan kabu-kabu ya hau titi ya zubar. Na yarda, don a lokacin ban ga wata hanya ba. Haka muke yi har yau. Ina biyan su kamar jarkokin a cike suke da madara, saboda yaran, alhali abin da yake iso mini bai isa ko shago ɗaya ba. Kuma zan faɗa muku gaskiya, zuciyata ta daina natsuwa, kullum sai na gwada kafin in sauke, sau ɗaya ma na sake samun alamar ruwa kaɗan, Hurera ta rantse ragowar wankin jarka ne. Wataƙila gaskiya ta faɗa. Amma da can ban san gwaji ba in dai daga wurin Goggo ne.

To yanzu ga inda maganar ta tsaya. Akwai wani Alhaji mai babbar gonar shanu a hanyar Bodinga, yana da shanu irin na ƙasar waje, da rijiyar burtsatse, da injin sanyaya madara, da motar da take kaiwa har ƙofa. Manajansa ya zo ya duba wurina, ya ce za su iya ba ni duk abin da nake buƙata kowace safiya, mai tsabta, ba fashi. Amma da sharaɗi. Zan sa hannu na shekara biyu, ba zan karɓi madarar kowa ba sai tasu, ko kofi ɗaya kar ya shigo wurin aikina daga wani waje, don za a sa sunan gonarsu a jikin robata, kuma ya nuna mini a fakaice cewa labarin makarantar ya iso musu. Farashi kuma su ke da ikon dubawa in kayan abincin shanu sun tashi. Na roƙe shi a bar mini ɗan gurbi saboda wata tsohuwa, na ba shi labarinta, ya tausaya, ya ce amma ba shi da iko. Na tambaya ko za su karɓi shanunta su yi kiwo a gefen gonar, ko su ɗauki Hurera aikin tatsa, ya ce shanun waje ba sa haɗuwa da na ruga saboda cuta, tatsa kuma inji ke yi. Ya ce in ba su amsa kafin azumi, don akwai wani mai yogot da yake jiran gurbin. Duk mai irin sana'ata ya san azumi shi ne kasuwarmu ta shekara, in ya wuce ni babu kaya, masu shaguna za su ba wasu wurina a firiji, kuma wurin firiji in ya tafi da wuya ya dawo.

Wata abokiyar sana'ata da ta taɓa hulɗa da gonar ta ja mini kunne. Ta ce madararsu ba ta da aibu, amma ana tsakiyar azumi sunka ƙara mata farashi, ba yadda ta iya don ta riga ta sallami kowa. Kuma da ciwon baki da kofato ya shiga shanunsu an yi makonni ba su kawo mata ba, ba wanda ya ce mata ko sannu. Wato in na sa hannu na sake rataya a wuri ɗaya ke nan kamar da, sai dai wannan karon wurin mutanen da ba su san ni ba, ba su san uwata ba. Na yi tunanin in bi ƙananan rugage na kusa da gari, wajen Kware da Shuni, in haɗa mutum huɗu ko biyar ina gwada madarar kowa, in ɗaya ya gaza ɗaya ya cike. Na san wannan shi ne daidai tun farko. Amma abu ne mai son watanni da abin hawa da mai zagayawa, ba zai haɗu kafin azumi ba, kuma su ma waɗannan rugagen a tsorace suke, kowa kayansa a ɗaure.

A gida ma babu daɗi. Da na gaya wa maigidana abin da na gani mun yi sa-in-sa irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ya ce na san da ruwa da garin rogo a madarar na yi shiru kwana biyu ina bincike alhali kaya suna fita, na ce ban fitar da ko roba ɗaya ba tun ranar da na gwada, ya ce to na baya fa. Ya ce shi ya nemo musu wurin zama, ba wanda zai ce ba ya tausayinsu, amma tausayin mutum biyar ba zai sa a jefa 'ya'yan mutane da abincin mata goma cikin haɗari ba. Ya ce wasan jarkar ruwa da muke yi ƙarya ce muke yi wa tsohuwa kullum safiya, kuma muna koya wa Hurera cewa ha'inci yana da lada. Ya hana yaranmu shan duk abin da ya fito daga can. Ra'ayinsa in sa hannu da gonar, in yanka wa su Goggo wani abu duk wata a matsayin taimako. Na ce masa bai san Goggo ba ne. Bayan harin na kai mata buhun shinkafa, washegari ta aiko mini da kaji biyu daga cikin ukun da sunka rage mata, ta ce ita ba ta fara bara ba tukuna. Matar da take ganin har yanzu ita ce take riƙe da sana'ata, ta yaya zan ce mata zauna in ciyar da ke?

Mahaifiyata kuma da na je Ƙofar Atiku na ba ta labari, kuka ta yi, ta ce matar da ta wanke mini jinin haihuwa ba a sallamarta kamar lebura, ko sana'ar za ta koma ƙwarya ɗaya in koma da ita. Na ce Inna matan da suke aiki wurina fa? Ta ce Allah ba ya hana bawansa abinci. Na tambayi wani malami a unguwarmu ba tare da na ambaci suna ba, ya ce sayar da abin da na san an gurɓata haramun ne babu ja, kyautata wa tsohuwar kuma wajibi ne gwargwadon iko, amma yadda zan haɗa biyun ni zan duba.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da Goggo za ta san gaskiya. Na san halinta a kan amana. Ko dai baƙin ciki ya kwantar da ita, ga hawan jini ga tsufa, ko ta kori Hurera, yarinyar da iyayenta ma ba a san inda sunka nufa ba tun da anka watse. In Hurera ta tafi wa zai tatsa, wa zai dafa mata, wa zai riƙe marayun Bello? In kuma na ci gaba da rufewa, har yaushe? Jiya ɗan kabu-kabu ya kawo mini saƙonta, wai kafin azumi tana son a kawo ta ta kwana biyu a wurina, ta zauna kusa da tukwane ta ji ƙamshin nononta yana dahuwa, ta sa wa matan albarka.

'Yan'uwa, na yi istihara, na yi kuka, na kasa tsayar da zuciyata wuri ɗaya. In sa hannu da gonar in ceci aikin matan nan, ko da zan koma hannun wanda zai iya juya ni yadda ya so? Ko in haƙura da kasuwar azumin bana, in rage ma'aikata, in bi rugage a hankali in gina abin da zai ɗore, in Allah ya sa shagunan sun jira ni? Masu sana'ar da sunka taɓa shiga irin wannan yarjejeniya ta mutum ɗaya, yaya kunka ƙare da su, akwai abin da zan nemi a sa ko a cire kafin in sa hannu? Ita kuma Goggo, in bar ta cikin farin cikin da ba gaskiya ba ne har Allah ya yi ikonsa, ko in zaunar da ita in gaya mata komai?

Don Allah kar a zagi Hurera a wurin sharhi, ba ta kai shekara talatin ba, ta binne miji, ta kwana da yara masu kukan yunwa. Shawara nake nema. Hanyar da duk na bi a raina, ƙarshenta sai na durƙusa gaban tsohuwar nan na ce mata a daina kawowa, ko a rage, ko ga abin da yake cikin jarka. In akwai wanda ya taɓa faɗa wa uwarsa magana irin wannan, ya taimaka ya koya mini yadda ake fara ta.

Na gode, Allah ya rufa mana asiri baki ɗaya.